Ina 'yata ta gaza aka hana ta lambar yabo?

Tambaya: 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, kullum ita ke ta ɗaya. Makarantarsu na karrama 'yan mata kan karatu, jan ƙanana da hidimar al'umma, amma an tsallake ta. Me ya rage?

Amsa: Hajiya, maki kaɗai ba ya isa, shaida ake nema a rubuce. Ta ɗauki ɗalibai 3 na ƙaramar sakandare, ta riƙa koya musu lissafi awa ɗaya, sau 2 a mako. Ta buɗe littafi tana rubuta kwanan wata da darasi, malamin aji ya sa hannu duk ƙarshen wata. Nan aka fi faɗuwa: an yi aiki, babu takarda. In ta shiga gayyar sharar unguwa, ta karɓo wasiƙar mai unguwa.