Hukuncin cin laimar kwaɗi da ake tsinta a daji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gadi a wata gona a Ikorodu. Da damina laimar kwaɗi kan fito a jikin ruɓaɓɓun itatuwa da gindin suri, maƙwabtanmu Yarabawa suna tsinta su sa a miyar agushi. Mu a gida ba mu saba ci ba. Ya halatta in ci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Asalin duk tsiron ƙasa halal ne, saboda faɗin Allah a Baƙara, aya ta 29, cewa Shi ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu bin Zaid cewa Annabi (SAW) ya yabi kam'a, wadda danginta ce da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa. Rashin sabo ba ya haramta abinci.

Amma ɗan'uwa, tambayarka a kan ta daji ce, nan kuwa hukunci yana bin cutarwa. Akwai masu dafi da suke kama da masu kyau kamar an tsaga kara. Mafi muninsu dafuwa ba ta kashe dafinsu, shanyawa ma haka. Mutum zai ci ya kwanta lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, ya ɗan ji sauƙi, alhali hantarsa na lalacewa. Maganar cewa wadda tsutsa ta ci ba ta da dafi, ko cokalin azurfa zai yi baƙi in akwai guba, ba ta da tushe. Kada ka ɗora ranka a kanta.

Saboda haka wadda aka noma, ake sayarwa a leda a manyan shaguna, ka ci. Wadda gwani amintacce ya tsinto, ya san ta sarai kuma ya daɗe yana ci, ita ma halal ce, ko da ba Musulmi ba ne, domin ba yanka ba ce. A wanke, a dafa sosai. Amma ka tsinta da kanka bisa kintace, wannan haramun ne, domin Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Baƙara, aya ta 195. Ka ba iyalinka kuwa ya fi nauyi. Mai sa maye ita ma haramun ce.

Wanda ya ci ya ji cikinsa ya juya, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wallahu a'alam.