Fumfuna a Kayan Lambu: Amsar Wasiƙunku

Wani manomi ya rubuto cewa ya buɗe buhun busasshen barkononsa, ya fasa ɗaya ya ga wata ƙura kore-kore a ciki. Yana tambayar maganin da zai fesa.

Malam, riƙe kuɗinka. Kusan duk shekara sai an yi min wannan tambayar, amsar kuma ba ta canzawa: babu feshin da zai cire gubar da ta riga ta shiga barkono. Ƙurar nan fumfuna ce, kuma akwai irinta mai suna Aspergillus flavus da ke fitar da gubar afulatoksin. An gano gubar ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincinsu da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A jikin mutum hanta take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tafasa ba ya kashe ta, suya ma haka. Shi ya sa Tarayyar Turai ba ta karɓar busasshen barkonon da jimillar afulatoksin ɗinsa ta wuce maikurogiram 10 a kilo ɗaya (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram).

Tun a wurin shanya aka yi ɓarnar. Ku daina baza barkono a tsurar ƙasa. A shimfiɗa tabarma ko tamfol mai tsabta, a baza shi ba tare da ya hau kan juna ba, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Wanda tsutsa ta huda ko ya fashe a tsince shi tun ranar farko, don ta nan fumfunar ke shiga. Kada a zuba a buhu sai ka murza shi ya karye ƙaras, 'ya'yan suna kaɗawa a ciki. In ya lanƙwashe kamar fata, da sauran ruwa. Buhun kuma a ɗora shi kan katako, nesa da bango, inda iska ke ratsawa. Wanda ya riga ya yi ƙura a binne shi, kar a ba kaji, kar a niƙa a cuɗa da mai kyau a sayar wa jama'a.

Wata baiwar Allah ta ce tumatirinta na yin baƙin tabo, ko za ta iya yanke wurin ta yi amfani da sauran? Hajiya, zubar da shi. Tumatir ruwa ne, fumfunar kan ratsa cikinsa fiye da inda ido ke gani. Karas ko kabeji masu tauri ne ake iya yankewa, a bar tazarar santimita 2.5 daga tabon, wuƙar kuma kar ta taɓa shi.

Mai tambaya kan baƙar ƙurar da ke ƙarƙashin ɓawon albasa: ka bar wuyanta ya bushe sosai kafin ka adana.