Amsa: UTV ɗina (motar shiga daji da rairayi) na tsalle, iskar taya ce ko shokab?

Malam, ka ce ka cika tayoyin har lambar da ke rubuce a gefen taya, yanzu mota na tsalle tana zamewa a yashi, kana zargin shokab. Kar ka taɓa shokab tukuna, sauke iskar nan. Lambar gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, wadda ta dace da motarka tana kan sitika a jikin motar ko cikin littafinta. Galibin UTV irin su Polaris Ranger da Can-Am Defender tsakanin psi 10 zuwa 20 suke (psi shi ne awon iskar taya), ƙaramar mota kuwa 30 da ɗoriya, shi ya sa in ka miƙa wa mai faci ba ka yi masa bayani ba zai ɗura mata kamar ta ƙaramar mota.

Sai geji na auna iskar taya. Nemi wanda ya tsaya a 30, domin mai kaiwa 100 allurarsa da ƙyar take motsi a 12, kuma a irin wannan taya bambancin psi 2 ba wasa ba ne. Latsa taya da ƙafa kuwa yaudarar kai ce, gefenta na da kauri, sai ta rasa rabin iskarta tana tsaye ƙyam. Ka auna da safe kafin ka fita, in ta yi zafi iska na hawa, in ka rage a lokacin gobe ka tarar ta yi ƙasa.

Ni a rairayi nakan rage 3 ko 4 daga abin da sitika ta ce, taya ta baje ta hau saman yashi maimakon ta riƙa tona rami, za ka ji ma injin ya daina kuka. Amma fa in ka rage ka daina shan kwana da gudu, bakin taya na iya zamewa daga rim iska ta fice gaba ɗaya, sai dai in rim ɗinka mai ƙusoshin nan ne da ke danne bakin taya. A kan duwatsu masu kaifi ban cika son ragewa sosai ba, dutse ya matse gefen taya da rim ya tsaga shi, wannan kuma faci ba ya riƙe shi. Da ka dawo busasshiyar hanya ko ka ɗora lodi, mayar da iskar, musamman na baya, ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya isa.

Dama da hagu dole su zo daidai, in ba haka ba sitiyari zai riƙa ja gefe. In kuma ɗaya ce kullum take sauka, zuba ruwan sabulu a bawul da zagayen rim ka jira kumfa, sau da yawa busasshiyar laka ce ta maƙale a bakin taya.