Gwajin manhaja na cin lokaci: mu sayi sabbin wayoyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a Samaru muke haɗa manhajar Android ta biyan kuɗin makaranta. Da Appium, manhajar da ke gudanar da gwaji da kanta, muke gwada ta a kan wayoyi shida, yawanci Tecno da Infinix. Kafin ta gama hawa kowace waya, rabin lokacin gwajin ya tafi. Abokin aikina ya ce mu sayi wayoyi masu tsada. Mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku bar kuɗinku a aljihu tukuna. Irin wayoyin nan ne a hannun iyayen yara a Tudun Wada da Sabon Gari, a kansu ya kamata ku ga inda manhajar ke tuntuɓe.

Zargina na farko yana kan saitinku. In kun kunna saitin fullReset na Appium, duk zagaye sai Appium ya cire manhajar ya sake ɗora ta, kamar mai rushe ɗaki don zai yi shara. Ku kashe shi. Ku ɗora ta sau ɗaya bayan kowane sabon gini na manhajar, tsakanin gwaji da gwaji kuwa umarnin adb shell pm clear da sunan fakitin manhajar ya isa ya goge bayananta (adb shi ne abin da kwamfuta ke ba wayar Android umarni da shi).

Sai nauyin APK ɗin, wato fayil ɗin da ake ɗora manhajar da shi. Sau da yawa yana ɗauke da kayan furosesa iri huɗu, alhali x86 da x86_64 kusan na emuleta ne kawai, wato wayar kwaikwayo da ke gudu a kwamfuta. Ku rage su da saitin abiFilters lokacin gina manhajar. Amma kar ku yi gaggawar jefar da armeabi-v7a, wato na furosesa 32-bit, domin wasu ƙananan wayoyi masu araha har yau 32-bit suke gudu. Ku tambayi kowace waya da adb shell getprop ro.product.cpu.abi, ita za ta faɗa muku. A Developer options kuma ku kashe Verify apps over USB, a wayoyin gwaji kaɗai, ban da ta aljihunku. Android 11 na 2020 ya zo da adb install --incremental, wanda ke buɗe manhaja tun ba ta gama shiga ba, sai dai yana buƙatar sa hannun APK samfurin v4, kuma ba kowace waya ke karɓarsa ba.

Abin da zan ce ku saya bai taka kara ya karya ba: hub na USB, wato na'ura mai bakunan USB da yawa, mai cajarsa daban, da gajerun kebul masu ɗaukar data. Da su sai ku ɗora wa wayoyin shida lokaci guda da adb -s, maimakon bi da bi. Kada mai shago ya ruɗe ku da kebul mai gudun gigabit 5 a sakan ɗaya. Bakin Type-C ba shaidar gudu ba ne, yawancin wayoyin nan USB 2.0 ne a ciki, iyakarsu megabit 480 a sakan ɗaya. In za ku PZ ta Zariya sayayya, ku tafi da laftof da waya ɗaya, kar ku biya sai adb devices ya nuna lambarta.