Na Makara da Shuka, Me Zai Jure Zafin Bazara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya gina mini kunyoyi uku masu tudu da bulo a bayan gida, amma aikin bai kammala ba sai da sanyi ya wuce, ga shi Afrilu ya kama. Niyyata in shuka tumatir da latas da karas. Zan iya yanzu, ko in haƙura sai damina? (Wata uwargida daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki bar kunyoyin haka nan, amma tumatir da latas da karas ki ajiye irinsu sai Oktoba ko Nuwamba. Latas da karas amfanin hunturu ne, kuma latas da zarar ya ji zafi yakan miƙe ya yi fure, ganyensa ya yi ɗaci. Tumatir ya fi ruɗar mutane, domin zai yi ganye kore shar, amma idan zafin rana ya haura digiri 32, na dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21, furensa kakkaɓewa yake yi ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba.

Abin da na fi so ki ba wa kunya guda sukutum shi ne kuɓewa, saboda ƙasa mai ɗumi ita take so, kuma zafin da ke kassara tumatir bai dame ta ba muddin tana samun ruwa. Ki jiƙa irin ya kwana, ki shuka biyu-biyu a rami da tazarar kamar santimita 40, sannan ki cire mai rauni idan sun tsiro. Cikin kwana 50 zuwa 60 za ki fara tsinka, kuma ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, domin idan 'ya'yan suka ƙosa a jiki uwar takan rage haihuwa. Kunya ta biyu ki raba ta tsakanin alayyafo, wanda ake yanka cikin mako uku zuwa huɗu, da lalo. Ta ukun ta dace da rama da yakuwa, sai dai ganye kawai za ki samu yanzu, don yakuwa ba ta yin furen zoɓo sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina.

Wahalarki ta gaske ita ce bushewa. Masu lambu a fadama fangali suke yi da rani don ruwa ya kwanta, ita kuwa kunya mai tudu saurin tsanewa take yi, ga bulo yana riƙe zafi. Saboda haka ki cakuɗa ƙasar da taki wanda ya ruɓe sosai, ki lulluɓe samanta da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, ki yi ban ruwa da sassafe har ya ratsa, ki ƙara da yamma idan ƙasar ta bushe. Idan ruwan sama ya zauna a Yuni, tudun nan ne zai hana ruwa kwanciya a gindin kuɓewarki, sai ki rage ban ruwan.