Keken tura jariri a layi mai rairayi: wanne zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, cikina na fari ya shiga wata 8, kuma likita ya ce mai yiwuwa sai an yi mini aiki. Yayata ta ce keken tura jariri za ta saya mini na barka, in zaɓa in gaya mata. Na zaga kasuwa na ga iri uku: ƙarami mara nauyi da ke naɗewa kamar laima, babba mai kwando kamar gado, sai wani na gwanjo da ya zo da kujerar mota. Ba mu da mota, Keke Napep nake hawa, layinmu kuma rairayi ne. Surukata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an yi renon ɗa a baro ba. Wanne ya dace da sabon haihuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya saka wa yayarki da alheri.

Bari in fara da maganar baro, don na san ita ta fi tsaya miki a rai. Hajiya surukarki ba ta faɗi ƙarya ba. Na daɗe ina aikin jinyar yara, ban ga keken da ya kamo ƙafar zane da majanyi ba wajen tsallake kwata, shiga Keke Napep ko ratsa cunkoson kasuwa. Yaron da ke baya yana jin ɗumin uwarsa, ita ma tana jin motsinsa. Sai dai aikin da ake tsammanin za a yi miki ya sauya lissafi. Ɗaurin goyo na ƙasa a kan ciki yake sauka, kusa da inda ɗinki yake, wurin kuma yakan ɗauki kamar mako 6 kafin ya yi ƙwari. A tsakanin nan ba a so ki ɗaga abin da ya fi jaririn nauyi. To, keken kansa ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba: jariri yakan zo da kilo 3 ko ɗan sama, babban keke kuwa yakan wuce kilo 10. Ke nan kafin arba'in aikinsa a tsakar gida ne, daga ɗaki zuwa inuwa, kuma wani ne zai riƙa tsallakar da shi dokin ƙofa, ba ke ba.

Ƙaramin mai naɗewa kamar laima, ki ajiye shi gefe tun yanzu. Wani Baturen Ingila, Owen Maclaren, injiniyan jirgin sama, shi ya ƙirƙiro irinsa a 1965 don a samu keke mara nauyi da za a rataya a hannu. Ya yi kyau ga yaron da ya iya zama, amma yawancin irinsa bayansu ba ya kwantawa gaba ɗaya, kuma nan ne matsalar take. Kan jariri babba ne, wuyansa bai yi ƙwarin ɗaukarsa ba. Idan aka jingina shi a zaune sai kan ya rinjayo gaba, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar iska ta matse. Abin tsoron shi ne ba lallai ya yi kuka ba. Za ki leƙa ki ga ya yi luf, ki ce barci ya yi daɗi. Yaro yakan riƙe kansa sosai wajen wata 4, ya zauna wajen wata 6. Kafin nan kwanciya yake buƙata, a miƙe, rigingine, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tulin bargo a ƙarƙashin kai.

Mai kujerar motar ma jingine yake riƙe yaro, shi ya sa ake ba da shawarar kada jariri ya wuce awa 2 a cikinta a zama guda. Don mota aka yi ta, ku kuma ba ku da mota, za a biya kuɗin abin da zai zauna a kan sif yana shan ƙura. Ga shi ta gwanjo ce, babu mai gaya miki ko ta taɓa shiga hatsari, alhali tsagewar cikin roba ba kullum ido ke ganinta ba.

Cikin ukun, mai kwando ne ya dace da sabon haihuwa. Aibinsa gajeren rai: da yaro ya fara dafa hannu yana ɗagowa, ko ya kai wajen kilo 9, ya fi ƙarfin kwandon, wato wata 6 ke nan ko kusa. Ki tambayi mai shago ko ana cire kwandon a ɗora kujera. Idan ba a yi, ki nemi iri na huɗu da ba ki ambata ba, wanda ni shi nake zaɓa wa ƙannena: kujera guda da ke kwantawa ta zama gado, daga baya a tayar da ita, ta ɗauki yaro har kilo 15, wajen shekara 3. Ki duba takardar da ke liƙe a jikin ƙarfen ko ƙarƙashin kujera. In kin ga EN 1888, ƙa'idar ingancin keken jarirai ta Turai ce, ASTM F833 ta Amurka, kuma wanda aka yi don sabon haihuwa za ki ga lissafin watanninsa ya fara daga 0. Amma takarda kowa na iya bugawa ya manna, don haka hannunki ne alƙali. Ki kwantar da bayan har ƙarshe, ki ɗora lemon zaƙi guda a wajen kai. In ya gangaro wajen ƙafa da gudu, wannan jingina ce, ko mai shago ya rantse.

Sai hanya, wadda ita ke kashe yawancin kekunan da ake saye a garuruwanmu. Masu ƙera su daɓen siminti suke hangowa a gefen titi, mu kuwa rairayi ne da rani, taɓo da damina. Ƙananan tayoyin roba nutsewa suke yi, ki yi ta turawa gaban na noma ƙasa. Ki nemi manyan tayoyi masu faɗi, musamman na baya. Na gaba su zama masu juyawa amma da makullin da ke tsayar da su, domin a rairayi taya mai juyawa karkacewa take yi ta cije. Inda yashi ya yi zurfi, ki juya keken ki ja shi da baya, ya fi sauƙi. Taya mai iska ta fi taushin tafiya, sai dai duk mai keken hawa ya san abin da tsidau ke yi wa tayoyi, kuma ba na jin kina son zaman jiran mai faci da jariri a hannu. Mai cikon roba ba ta sacewa, ita ta fi dacewa da mu.

Kafin ki koma kasuwa ki auna faɗin ƙofar zaure da ta ɗaki da igiya, ki ƙulle ta daidai awon, ki jefa a jaka. A shagon ki ce a ara miki jakar ruwan leda ɗaya. Guda 20 ne a ciki, kilo 10 ke nan, nauyin yaro ɗan shekara. Ki ɗora a kujerar ki tura, ki yi kwana, ki taka birki ki sake turawa da ƙarfi: tayoyin baya biyu dole su tsaya cak. Ki danna mariƙin ƙasa kaɗan ki ga ko gaban na saurin tashi. Wanda ya ɗaga da ɗan dannawa, ranar da kika rataya jakar littattafan 'yan aji a mariƙinsa zai kife ta baya, don haka kaya a kwandon ƙasa ake sa su. Ki naɗe shi da kanki, ki buɗe, ki ji ƙarar makullin da ke hana shi naɗewa da yaro a ciki. Sannan ki dube shi a naɗe ki tambayi kanki ko zai shiga Keke Napep da wasu fasinjoji, ko kuwa kullum sai kin ɗauki shata. Kan kabu-kabu kam babu zancensa.

Bel ɗinsa ya zama mai ɗauri biyar: biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, ɗaya ta tsakanin ƙafafu. A ɗaura shi ko da a tsakar gida ne.

Abin da ya fi damuna da keke a ƙasarmu zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu Birnin Kebbi kan haura digiri 40, kuma al'adarmu ce mu lulluɓe jariri, ko don rana, ko don ƙura, ko don bakin mutane. Wata ranar rigakafi a watan Afrilu wata yarinya ta zo mana da ɗanta na mako 10 a keke mai kyau, baƙi wul, an rufe bakinsa da tawul mai kauri. Da na yaye tawul ɗin, hucin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunya. Yaron ya yi jajir, rigarsa sharkaf, an ba shi nono ya kasa kamawa. Muka tuɓe shi, muka shafe shi da ruwa, muka sa shi gaban fanka, da ƙyar ya dawo hayyacinsa ya tsotsa. Uwar kuka take tana cewa rana ta kare masa. Gaskiya ta faɗa, ta tare rana amma ta tare iska tare da ita.

Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun gwada wannan, suka fitar da sakamako a 2023: rufe keke da busasshen yadi ya ƙara zafin cikinsa da kusan digiri 4, jiƙaƙƙen yadi shara-shara tare da ƙaramar fanka kuwa ya rage shi da kusan digiri 5. Dabarar randa ce, ruwa na bushewa yana tafiya da zafi, kuma a busasshiyar iskar bazara tana aiki sosai. Sai dai da yadin ya bushe ya koma abin da ake gudu, dole a sake jiƙa shi, a kuma bar inda za ki riƙa ganin fuskar yaron. Saboda haka wajen zaɓe ki nemi mai launi mai haske, mai babbar rumfa, mai raga a gefe ko a baya inda iska ke ratsawa. Wanda yaro ke fuskantarki ya fi a watannin farko. Ki riƙa sa hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa, tafin hannu da ƙafa ba sa faɗin gaskiyar zafin jiki. Keken da ya sha rana, ki taɓa ƙarfen bel ɗin kafin ki kwantar da shi. Kuma komai zafi, jaririn da bai kai wata 6 ba nono ake ƙara masa, ba ruwa ba.

Raga tana da wani aikin. A binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021, Kebbi ce kan gaba a Nijeriya, an samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada. Idan za a ajiye shi a tsakar gida da magariba, a sa wa keken ragar da ke kama bakinsa da roba, ba wadda aka yafa kawai ba. Barcin dare kuwa ba na keke ba ne, a shimfiɗarsa zai kwana cikin gidan sauro mai magani.

Ban hana ki gwanjo gaba ɗaya ba. Sau da yawa tsohon keke mai ƙwari ya fi sabo mai ƙyalli da ƙarfensa kamar gwangwani. Amma ki bi shi gaɓa-gaɓa: tsatsa, walda a inda bai kamata ba, bel da ya zare, noti da aka maye da waya, katifa mai warin fumfuna. Ki lura da gaɓar da yake naɗewa. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka, wato ya sanar cewa suna da lahani, saboda gaɓar ta guntule wa wasu yara kan yatsa, kuma kayan gwanjo ba sa zuwa da tarihinsu. Ki sa sunan keken da lambarsa a intanet ki gani ko an taɓa yin kiranyensa. Sabo ko tsoho, a nisanta yara duk lokacin da ake buɗewa ko naɗewa. Yadinsa ya zama mai cirewa a wanke, don ƙurar hunturu ba ta barin komai, tayoyin ma a riƙa kakkaɓe musu yashi.

A gidan yawa, yaran gida za su ɗauke shi mota, su yi ta rige-rigen tuƙi. Ki kafa doka tun ranar farko, ki taka birki duk inda kika tsaya, nesa da murhu da bakin rijiya da turken awaki.

Idan abin da yayarki ta ware bai kai na mai kwantawa da manyan tayoyi ba, kada ki karɓi ƙaramin don kunya. Ki ce ta riƙe kuɗin zuwa wata 6, lokacin zaɓi ya yi yawa, kafin nan hannu da shimfiɗa sun isa, bayan ɗinki ya warke kuma Hajiya ta koya miki ɗaurin majanyi yadda ba zai zame ba. Ni da ke ce, da Hajiya zan tafi kasuwar, ita za ta riƙe lemon.

In kin zaɓa, ki ɗauki hotonsa ki tura wa yayar taki ta WhatsApp. Idan ta shiga shago ta ce keken yara kawai, ana iya miƙo mata na koyon tafiya, mai zagayen roba da ƙananan tayoyi da ake zura yaro a ciki. Wannan ba ya koya wa yaro tafiya, kai shi yake wurin tukunya da bakin matakala kafin a ankara, kuma ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. In an kawo miki shi cikin kayan suna, ki yi godiya ki ɗaga shi sama.