Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ya ƙi filin ƙwallo

Assalamu alaikum 'yar'uwa, sannu da fama, Allah Ya ba ki ladan haƙuri. Kin ce ɗanki mai shekara 9 da ke da lalurar galahanga, wato autism, ya yi ƙiba, wuni yake a kan tabarma da waya a hannu, kin kai shi filin ƙwallon unguwa ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa yana ihu, yanzu ko takalmin aka ɗauko sai ya ɓuya. Kina neman yadda za ki sa ya motsa jiki. Wallahi da na karanta sai na ji kamar daga ɗakina aka rubuto, don nawa ma haka yake. Kusan kowace uwa a cikinmu ta san wannan kwanciyar a ƙasa, ta san idanun da ke biyo baya.

Ki ajiye maganar ƙwallo tukuna. Duk abin da ke wahalar da yaranmu an tara shi a wasan nan: yara wajen ashirin suna gudu ta ko'ina, ana busa usur, ana ihu, ana ture juna, ƙwallo kuma ba ta sanarwa kafin ta zo. Ga dokokin da ba wanda ya zauna ya bayyana masa. Da yawa cikinsu kuma ido da ƙafa ba sa haɗa kai da sauri, tsokar jikin sako-sako take, shi ya sa za ki ga yana yawan tuntuɓe ko yana zama ya jingina da duk abin da ya samu. Yaron da aka jefa cikin wannan hayaniyar ya kasa, aka yi masa dariya, ba zai so komawa ba. Ba ƙiwa ce ke damunsa ba.

Da tafiya za ki fara, kuma tafiyar da ya san farkonta da ƙarshenta. Hanya ɗaya, lokaci ɗaya, mutum ɗaya, kullum. Bayan asuba ya fi, wajen ƙarfe shida, kafin masu babur da motocin trotro su cika titin unguwar Nima a nan Akra da ham, kafin rana ta buɗe. Makon farko minti biyar zuwa goma ya isa. Kada ki ce masa "zo mu je motsa jiki", wannan magana ce da ba ta da iyaka a kansa. Ki ce "mai koko, sai gida". Ki ɗauki hoton wurin a waya ki nuna masa kafin ku fita, ku je, ya riƙe ledar ƙosai da hannunsa, ku dawo. In ya saba, duk mako ki ƙara minti biyu ko uku, ta hanyar matsar da inda za ku tsaya gaba kaɗan. Inda ake samun matsala shi ne ran da uwa ta ga yaro ya yi kyau sai ta ce bari mu zarce kasuwa. Daga ranar ya daina yarda da maganarki, sai an koma farko. In dole hanya ta canja saboda ruwa ko taron biki, ki faɗa masa tun a ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau, da wasan ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana uku a mako, kuma ta haɗa har da yara masu lalura. Kada lambar ta karya miki gwiwa. Ba a zama ɗaya ake nufi ba, goma nan, goma can, ana tarawa. Wanda bai saba komai ba, minti 15 a rana ma ci gaba ne.

Amma abin da ke ƙona min rai, kuma sai na faɗa, shi ne yadda ake kashe wa yaran nan son motsi tun kafin su fara. Yaro yana kaɗa hannu, ko yana jijjiga jiki gaba da baya, ko yana tsalle a wuri ɗaya, sai a daka masa tsawa, a riƙe hannun, wata goggo ta ce iskoki ne a kai shi a yi masa turare. A gidan haya kuwa ba a cewa komai. Ya fito tsakar gida yana zagaye, maƙwabciya ta janye 'ya'yanta kamar ta ga wuta, mai gida ya aiko cewa ana damun mutane. Uwa ta gaji da magana ta kulle shi a ɗaki ɗaya da waya don a samu zaman lafiya. Shekara biyu a haka, mutanen nan dai su ne za su dawo su ce ke kika sangarta shi, dubi yadda ya kumbura. Ba wanda ya taɓa cewa kawo shi in zagaya da shi ke ki huta. Baki dai kowa yana da shi. Sannan ga wasu malamai, na boko da na allo, da ke hukunta yaro da tsallen kwaɗo ko durƙuso a rana don ya kasa zama shiru. Yaron da aka azabtar da tsalle, ta yaya za ki ce masa tsalle abin daɗi ne? Hukumar Ilimi ta Gana ta hana dukan yara a makarantunta tun 2017, ga dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, wato doka mai lamba 715, ga tsarin karatun bai-ɗaya na 2015 da ya ce a karɓi irin yaranmu a makarantun kowa. Ki tambayi malaminsa kai tsaye me yake yi lokacin wasanni da lokacin tara. Sau da yawa za ki tarar a benci ake ajiye shi har a tashi.

Wannan kaɗa hannun da tsallen da ake hana shi, da su yake kwantar da jikinsa, kuma su ne za su nuna miki abin da zai so. Ki zauna ki lura. Mai son tsalle, ki shimfiɗa masa tsohuwar katifa nesa da bango da kujeru, ku ƙirga tare zuwa ashirin, hutu, a sake, sau uku. Mai son jijjiga, lilo yake nema: zani mai ƙarfi, manya biyu su riƙe bakin, a kaɗa a hankali gaba da baya, a tsaya da zarar fuskarsa ta canja. Mai son matse jiki a lungu ko faɗawa kan mutane, aikin nauyi ne maganinsa. Ki ba shi ya ture bokitin wanki a kan siminti, ya matse kaya, ya kai tabarma waje, ya riƙe taɓarya ku daka tare. Ruwa ma aiki ne mai kyau, amma a lura da nauyi: lita ɗaya kilo ɗaya ce, jakar ruwan leda mai guda 30 kilo 15 ce, ta yi wa ɗan shekara 9 yawa, balle jarkar nan mai ruwan ɗorawa. Ki fara da gorar lita ɗaya da rabi a kowane hannu, daga famfo zuwa ƙofar ɗaki.

In kuma ransa na kan ƙwallo, ta balan-balan za ki shigo, don tana saukowa a hankali, ido yana samun lokacin binta. Daga nan babbar ƙwallo mai laushi, ku zauna a ƙasa taku biyu tsakani kuna gangara wa juna. Sai jifa, sai bugu da ƙafa zuwa bango. Yaro na biyu ba zai shigo ba sai ya iya wannan, kuma guda ɗaya, mai haƙuri. Ki rage magana. Ki yi abin ya gani, ki faɗi kalma biyu, ki yi shiru ki ƙirga goma a zuciya. Mu iyaye muna maimaita umarni sau huɗu a jere, shi kuwa duk maimaitawa sai ya sake fara fahimta daga tushe.

Keke ma haka. Ki kai wa mai gyara ya cire feda biyun, ya sauke sirdi har tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, ya riƙa turawa da ƙafa har ya koyi daidaita jiki, sannan a mayar. In babansa ne zai cire da kansa, sifana mai lamba 15 ce, kuma fedar hagu a baibai take kwancewa, kada ya yi ta murɗawa ya lalata zaren.

Wayar kuwa kada ki fizge, faɗa kawai za ki saya. Ki mayar da ita bayan aiki: "tafiya tukuna, sannan waya." Ki saita ƙararrawa mai taushin sauti don ya san lokacin tashi, ki yi masa gargaɗi saura minti biyu. Kuma ki riƙa tsayar da wasa tun yana jin daɗi. In kin ga ya fara cizon hannu, ko gunjin da yake yi ya ƙara ƙarfi, ko yana toshe kunne, an kusa wuce gona da iri, a koma inuwa a yi shiru.

Ba ki faɗi ko yana shan magani ba. In likita ya ɗora shi a kan risperidone, ki sani yana buɗe ciki sosai, yana sa ƙiba da kasala, to ba laifin girkinki ba ne. Kada ki tsayar da maganin da kanki. Ki riƙa auna nauyinsa duk wata kina rubutawa, ki kai wa likitan ya duba. Ki nemi a tura ku sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, akwai shi a asibitin Korle Bu, musamman in yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Wannan tafiyar in ta daɗe jijiyar dunduniya ce ke ƙanƙancewa, har ya kasa sauke diddige. A gida, yana kwance ƙafa a miƙe, ki riƙe diddigen da tafin hannu ki tura tafin ƙafar sama a hankali, daƙiƙa 30, sau uku kowace ƙafa, ba tare da ya ji zafi ba. Tsuguno da hawan tudu ma suna taimakawa.

Takalmin da yake gudu, ki duba cikinsa da yatsa. Wani lokaci ɗinkin safa ne kawai ke cizonsa, a juya safar baibai magana ta ƙare. Ki yanke takardar wuyan riga. Da yawansu kuma ba sa jin ƙishirwa ko ciwo da wuri, sai ki ga ƙafa ta yi kanta ko ta fashe bai ce uffan ba. Kada ki jira ya nemi ruwa a wannan zafin na Akra: rabin leda kafin fita, sauran in kun dawo, ki duba fitsarinsa, in ya yi duhu ruwan bai isa ba. Tafiya da ruwa suna sassauta taurin bayan gida, wanda shi kansa yana sa yaro fushi da ƙin motsi, barci ma yana gyaruwa, in dai ba dab da kwanciya aka yi tsalle-tsallen ba. Lokacin hunturu in ƙura ta yi yawa kuma yana tari, a yi a cikin gida.

Don Allah ki kula da ruwa. Yaranmu da yawa ruwa na jansu, kuma suna iya sulalewa cikin ƙiftawar ido. Ke kin san babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, kin san yadda take cika a watan Mayu da Yuni. Hanyar tafiyarku kada ta bi gefenta. Ki riƙe shi a wuyan hannu, ke ta ɓangaren titi. Ki koya masa kalmar "tsaya" a matsayin wasa tun a tsakar gida: ku yi gudu, ki ce tsaya, ku daskare, ki yaba masa. Ki rubuta lambar wayarki a cikin rigarsa. Iyo yana da kyau ƙwarai ga waɗanda suka samu hali, amma da babba a cikin ruwan wanda hannunsa zai kai gare shi, kuma in yana da farfaɗiya, wadda ta fi yawa a yaranmu fiye da sauran yara, sai da izinin likita. Bakin teku kuwa ni ban ba da shawara ba, igiyar ruwan nan tana jan manya ma.

Babansa fa? Kada a bar miki komai. Ya riƙa tafiya da shi masallaci a ƙafa lokacin da babu cunkoso, su tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, nesa da lasifika. Tsayuwa, ruku'u, sujada, kullum tsari ɗaya, irin abin da yaranmu ke kamawa ke nan. Ran hutu in akwai kuɗin mota, a kai shi wani lambun shaƙatawa mai fili da inuwa da sassafe. Masu 'ya'ya mata kuma, don na san kuna karantawa, ku ne aka fi matsa wa: yarinya na fara girma sai a ce ta zauna a ɗaki. Igiyar tsalle, rawa a ɗaki da ƙofa a rufe, shara, tafiya da ke da asuba, duk suna nan. Wasan ampe yana yi musu wuya saboda sai an daidaita tafi da tsalle da abokiya, a bar shi sai daga baya.

Ke ma jikinki yana da hakki, manya minti 150 ake so a mako, tafiyar asubar nan ta ku biyu ce. Zai ƙi wasu ranakun, zai zauna a bakin ƙofa ya ƙi tashi. Ranar ku tsaya a ƙofar minti biyu da takalmi a ƙafa, ku koma ciki, gobe a sake. Ki rubuto mana wane motsi ya fi yi in an ƙyale shi shi kaɗai, da sunan maganin da yake sha in akwai, sai mu san ta inda za ki kama.